Mudun Da Amurka Ke Auna Ɓarnar Giya A Jami'o'inta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu awo a kasuwar hatsi ya san cewa ba a cika yin rigima a kan buhu ba. A kan mudu ake yi. Wa ya ƙera shi, wa ke riƙe da shi, kuma shin an bubbuga gindinsa ko ba a bubbuga ba? Haka lamarin yake a maganar giya a jami'o'in Amurka. Sama da shekara talatin ke nan masana a can suna fafutukar auna irin ɓarnar da giya ke yi wa ɗalibansu, kuma labarin wannan awo ya cancanci kowane matashi mai neman ilimi ya san shi. Dalili kuwa shi ne, alƙaluman da ke fitowa daga can su ake karantowa a laccoci da littattafai, sannan mudun nasu ne ake arowa a yi awo da shi a jami'o'in ƙasashe irin Nijeriya.

A shekarar 1993 wani malami a sashen kiwon lafiyar al'umma na Jami'ar Harvard, Dokta Henry Wechsler, shi da abokan aikinsa suka aika da takardun tambayoyi zuwa manyan makarantu 140 a faɗin Amurka. Ɗalibai 17,592 suka amsa. Babbar tambayar ita ce, a cikin makonni biyun da suka gabata, ko ɗalibi ya sha kofi biyar na giya ko fiye a zama ɗaya, ko kofi huɗu in mace ce. Wanda ya amsa da i, shi aka sa a sahun masu ɗirka. Da sakamakon ya fito a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a Disambar 1994, sai ga shi kashi 44 cikin 100 na ɗaliban masu ɗirka ne: rabin maza, da kashi 39 na mata. Kusan ɗaya cikin biyar kuwa sun yi irin wannan sha sau uku ko fiye a cikin makonni biyun. A wasu makarantun masu ɗirkar sun kai kashi 70.

Amma abin da ya fi ban tsoro a binciken wani ɗan ƙaramin adadi ne da ba a cika ambatonsa ba. Da aka tambayi waɗannan masu ɗirkar yadda suke kallon kansu, waɗanda suka yarda cewa suna da matsalar giya ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Yaro ya fashe aji saboda ciwon kan maye, ya ji rauni, ya yi rigima da masu gadin makaranta, amma a ganinsa lafiyarsa ƙalau, wai ai kowa ma haka yake yi. Daga nan mai hankali zai gane wahalar da ke gaban masu awon: wanda ake son ya ba da shaida a kan ɓarnar, shi ne wanda bai yarda an yi ɓarna ba.

An maimaita binciken a 1997 da 1999 da 2001, adadin bai gusa daga wajajen kashi 44 ba, duk kuwa da taruka da allunan gargaɗi da aka cika makarantu da su. A tsakanin nan ne, a 1997, wani ɗalibin shekarar farko mai shekara 18 a jami'ar MIT, wadda ake ji da ita a fagen kimiyya a duniya, ya mutu bayan an yi shagalin karɓar sababbi a gidan wata ƙungiyar zumuncin ɗalibai. Barasar da aka samu a jininsa ta ninka har sau biyar abin da doka a yau ta haramta wa direba a Amurka. A shekarar 2000 jami'ar ta amince da biyan dala miliyan 6 don a rufe maganar.

To, shi kansa mudun na kofi biyar fa, me ya ɗauka kuma me ya zubar? Tun farko masana suka yi ta ja-in-ja a kansa. Bai tambayi tsawon lokacin da aka ɗauka ana shan ba, bai kuma tambayi nauyin jikin mai shan ba. Ƙaton da ya sha kofi biyar daga la'asar zuwa tsakar dare, da siririn yaron da ya ɗura biyar a rabin sa'a, duk mudu ɗaya aka zuba su. Sai a 2004 hukumar Amurka mai binciken shaye-shayen barasa ta gyara ma'anar, ta ce ɗirka ita ce shan da ke kai barasar jini zuwa 0.08 cikin 100, wanda galibi kofi biyar ne ga namiji, huɗu ga mace, a cikin kimanin sa'a biyu.

Sannan mene ne ma "kofi"? A lissafin Amurka kofi guda shi ne abin da ke ɗauke da giram 14 na tsantsar barasa, wato kamar ƙaramin gwangwanin giya ɗaya. A Ingila ma'aunin giram 8 ne, a Ostireliya giram 10. Ɗalibin da ke cike takarda bai san wannan ba, kuma ko ya sani ba da sikeli yake zuwa wurin shagali ba. Wani masani, Dokta Aaron White, lokacin yana Jami'ar Duke, ya yi gwaji mai sauƙi a farkon shekarun 2000: ya ba ɗalibai kofuna ya ce kowa ya zuba abin da yake ganin kofi guda ne. Sai aka ga suna zuba fiye da ƙa'ida, kuma gwargwadon girman kofin gwargwadon yawan ƙarin. Ke nan wanda ya rubuta huɗu a takarda, wataƙila shida ya sha, kuma ba ƙarya ya yi niyya ba. A nan akwai abin lura ga masu aro mudun Amurka su yi awo a Nijeriya. Babbar kwalbar giyar da ake sayarwa a ƙasar nan mai santilita 60 ce, kuma tana ɗauke da kusan giram 24 na barasa. Kwalba uku kacal sun cika kofi biyar na Amurka. Mai binciken da ya rubuta "kwalba" a inda Bature ya rubuta "kofi" ya tauye mudunsa da kusan rabi tun kafin ya fara awo.

Aibi mafi girma na wannan layi na biyar da huɗu shi ne, ya haɗa wanda ya tsaya a biyar da wanda ya kai goma sha biyar a ɗaki ɗaya ya rufe ƙofa. White ɗin nan da abokansa sun buga wani bincike a 2006 a kan 'yan shekarar farko, inda suka samu kusan ɗaya cikin maza biyar ya sha kofi goma ko fiye a zama ɗaya, wato ninki biyu na layin. Waɗannan su ne ake kwasa zuwa asibiti, amma a tsohon lissafin ba su da wani suna na daban. A ɗaya gefen kuma, layin ya koya wa yara wani mugun darasi da masu zana shi ba su nufa ba: wai muddin mutum bai kai biyar ba, to yana cikin aminci.

Ganin haka ya sa wasu masanan suka ce a bar ƙirga kofuna, a ƙirga abin da ya biyo bayan kofunan. A 1989 Helene White da Erich Labouvie na Jami'ar Rutgers suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 23 a kan matsalolin da giya ke jawo wa matashi. A 2006 Jennifer Read da abokan aikinta suka fitar da wani mai tambayoyi 48 wanda aka tsara musamman don 'yan jami'a, ya kasa ɓarnar gida takwas, daga lalacewar mu'amala da mutane, da faɗuwar karatu, da rashin kula da jiki, da jefa kai cikin haɗari, har zuwa yadda mutum ke jin ƙyamar kansa washegari. Akwai gajerensa mai tambayoyi 24, wanda aka jera kamar matakalar bene: a ƙasa akwai faɗin maganar kunya da tashi da ciwon kai, a can sama kuma akwai wanda ba ya iya fara yini sai ya kurɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana da nata mai tambayoyi goma, wanda ta fitar a 1989 bayan gwaji a ƙasashe shida, har da Kenya, kuma ana yawan amfani da shi a binciken jami'o'in Afirka.

Babu shakka wannan ci gaba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai har yanzu mashayin ne ke ba da labarin kansa, alhali giya tana da wata ɗabi'a da ke rushe shaida daga tushe. Idan barasa ta hau jini da sauri, takan toshe sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abin da ya faru. Mutum yana tafiya, yana magana, yana iya tuƙa mota ko ya daki wani, amma gari na wayewa babu komai a kansa, kamar an yage shafi daga littafi. A wani bincike na 2002 a kan ɗalibai 772, kimanin rabin waɗanda suka taɓa shan giya sun ce irin wannan ɗaukewar ta taɓa samunsu. Yanzu a tambayi irin wannan yaron ko ya taɓa cutar da wani a cikin maye. Me zai ce? Daren da ya fi kowanne muni a rayuwarsa shi ne daren da ba ya cikin ƙwaƙwalwarsa, saboda haka ba zai shiga takardar mai bincike ba.

A nan ne Wechsler ya yi abin da ya fi kowane abu amfani a aikinsa. Ya juya ya tambayi waɗanda ba sa ɗirka. Shin an hana ka barci ko karatu? An zage ka ko an ture ka? An lalata maka kaya? Ka kwana kana jinyar abokin ɗaki da ke amai? An neme ki da lalata ba da sonki ba? Sai ga shi a makarantun da ɗirka ta yi yawa, mafi yawan ɗaliban da ke kwana a ɗakunan makaranta ba tare da suna ɗirka ba sun ɗanɗani aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan. Hayaƙi ne ke shiga idon wanda bai hura wutar ba. Wannan sakamako ya karya hujjar da aka daɗe ana fakewa da ita a ƙasashen Yamma, cewa wai sha lamari ne tsakanin mutum da cikinsa, ba ruwan kowa. Shaidar wanda ke cikin hayyacinsa ta fi ta mashayi ƙarfi, kuma da aka saurare ta sai mudun ya ƙara faɗi nan take.

Sai maganar gawa, wadda mutum zai zaci ita ce mafi sauƙin ƙirgawa. A 2002 Dokta Ralph Hingson na Jami'ar Boston ya fitar da ƙiyasin da ya zagaya duniya: ɗalibai kimanin 1,400 'yan shekara 18 zuwa 24 ke mutuwa a shekara sanadiyyar haɗurran da giya ke ciki, galibi na mota, kimanin 500,000 ke jin rauni, sama da 600,000 wani ɗalibi mashayi ke kai wa hari, sama da 70,000 kuma ake yi wa fyaɗe ko cin zarafi makamancinsa. Da ya sabunta lissafin, adadin mamatan na 2005 ya kai 1,825. Abin da masu yawo da waɗannan alƙaluma ba su cika faɗa ba shi ne, ba gawarwaki aka bi aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba. Takardar shaidar mutuwa a Amurka ba ta nuna ko mamaci ɗalibi ne, kuma ba kowace gawa ake gwada jininta ba. Abin da aka yi shi ne, an ɗauki jimillar matasan da suka mutu a haɗari, aka ƙiyasta kason da giya ke ciki, sannan aka ware wa ɗalibai rabonsu gwargwadon yawansu a cikin tsararsu. Daga baya wani likita a Jami'ar Bajiniya, Dokta James Turner, ya tattara bayanan mace-mace kai tsaye daga makarantu 157, ya samu adadin mutuwar da giya ke ciki bai kai ƙiyasin ba.

Ya kamata 'yan'uwa matasa masu tashi su yi jawabi a gaban jama'a su riƙe wannan da kyau. Mai gaskiya ba ya bukatar ƙara gishiri. Wanda ya miƙe ya ce an ƙirga gawa 1,825, ranar da wani ɗan boko ya nuna masa cewa ƙiyasi ne, to ya zubar da mutuncin maganarsa gaba ɗaya. A ce ƙiyasi ne, a kuma ƙara da cewa ƙiyasin na haɗurra ne kawai. Bai haɗa da wanda ya kashe kansa ba, bai haɗa da wanda aka kashe a faɗa ba, balle wanda ya koyi sha a aji ɗaya na jami'a, hantarsa ta kashe shi yana ɗan shekara 45. Wannan na ƙarshen babu wani kundi da zai rubuta shi a matsayin ɗalibi.

Su kuma alƙaluman hukumomin makarantu, nasu ciwon daban ne. Tun 1990 dokar tarayya ta tilasta wa jami'o'in Amurka buga rahoton laifukan da aka yi a harabarsu duk shekara, har da na karya dokar giya, tunda tun 1984 aka matsa wa jihohi su mayar da shekarun sayen giya 21, kuma yawancin 'yan ajin farko ba su kai ba. Amma adadin kamu yana auna himmar masu gadi ne fiye da yawan mashaya. Makarantar da ta kawar da kai sai rahotonta ya fito fes, ga shi kuma kowace jami'a tana gasar jawo iyaye masu biyan kuɗin makaranta.

Wa ke riƙe da mudun kuma? A watan Yunin 2018 hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta soke wani gagarumin gwaji na dala miliyan 100, wanda aka shirya don a duba ko kofi ɗaya a rana yana kare zuciya. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin manyan kamfanonin giya biyar ne suka yi alkawarinsa, cikinsu har da Heineken da Diageo. Binciken cikin gida ya gano cewa jami'an hukumar ne da kansu suka je zawarcin kamfanonin, kuma an tsara gwajin ta yadda zai fi karkata ga nuna amfani. Gwajin na dattawa ne, amma sakamakonsa da ya fito, a kunnen yara zai sauka. Bayan wannan da 'yan shekaru, a Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar cutarwa ga lafiya. Tun 1988 ma hukumarta mai binciken ciwon daji ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi, rukuni ɗaya da taba. Rahotonta na 2024 ya ɗora wa giya mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Musulmi ba zai yi mamakin inda awon ya dosa ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an ɗora amfanin giya da cutarwarta a kan sikeli, aka bayyana wanda ya rinjaya, kafin haramcin ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida. Ƙa'idar da malamai ke karantarwa ita ce, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, saboda haka babu wani layi na biyar da huɗu da za a tsaya a bayansa. Sai dai sanin hukunci bai ɗauke wajabcin sanin halin da ake ciki ba.

A Amurka kanta shan ya ragu a tsakanin ɗalibai. Binciken shekara-shekara na Jami'ar Mishigan ya nuna masu ɗirka, da suke wajajen kashi 40 a shekarun 1980 da 1990, sun sauko zuwa kashi 32 a 2019, da kashi 24 a 2020, shekarar da annoba ta rufe makarantu. Sun san haka ne domin sun jure suna awo, ko da mudun nasu yana yoyo. A makarantun ƙasar Hausa matsalar mudun ta juya baya ne. Ɗalibin Amurka yakan yi alfahari da shansa, na nan kuwa ɓoyewa yake yi, daga iyaye da malamai har da abokin ɗaki. Idan mai bincike ya raba takarda a aji ta dawo da kashi biyu ko uku cikin ɗari, ba a san ko tsarki aka auna ko kunya ba. Sannan tambayar giya ba ta kama yaron da bai taɓa kusantar kwalba ba amma yana shan maganin tari mai kodin, wanda sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Al'ummar da ta ga ƙaramin adadi ta koma barci, ita ta yaudari kanta.

Ɓoyewar nan tana iya cin rai. A watan Fabrairun 2017, a Jami'ar Jihar Pensilbaniya, an ɗura wa wani ɗalibi mai shekara 19 kofi 18 cikin minti 82 a bikin shiga ƙungiya. Ya faɗo daga matakala. Na'urorin ɗaukar hoto na gidan sun nuna abokansa suna kewaye da shi, suna yayyafa masa ruwa, suna marinsa don ya farka, amma sai bayan kusan sa'a 12 aka kira motar asibiti. Bai tashi ba. Tsoron hukunci ne ya riƙe hannayensu, shi ya sa makarantu irin Jami'ar Cornell tun 2002 suka kafa ƙa'idar sassauta wa duk wanda ya kira taimako don ceton wanda giya ta kayar. In tsoron hukuma ya yi haka a ƙasar da sha ba abin kunya ba ne, ina ga inda ake tsoron a ji a gida?

Ɗan'uwan da ya dawo ɗaki ya tarar da wani a sheme, ya sani cewa barasar da ke ciki tana ci gaba da shiga jini bayan an ajiye kwalba, saboda haka wanda ake cewa a bar shi ya yi barci yana iya ƙara nutsewa ne. Ruwan sanyi da shayi mai ƙarfi ba sa fitar da ita. A kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Idan an tashe shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa da sau takwas a minti, ko jikinsa ya yi sanyi, ko leɓɓansa suka canza launi, to asibiti za a nufa da shi a daren, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Nasiha da faɗa suna nan suna jira har ya farfaɗo.